Mun Yi Wayar da Kai Har Mun Gaji: Wace Magana Ce Za Ta Sa Mutanen Garinmu Su Bar Itatuwa Su Rayu?

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani gari da ke arewacin Jigawa, kusa da iyakar Nijar. Mu matasan garin muna da ƙungiya, kuma damina biyu ke nan a jere muna karɓo dashen darbejiya da turare muna rabawa kyauta. Mun yi gangami a ƙofar dagaci, mun ɗauko lasifika, mun yi bayanin sauyin yanayi da kwararowar hamada. Kowa ya ce Allah ya yi albarka. Amma kafin bazara awaki sun cinye dashen, wanda ya tsira kuma ƙishirwa ta kashe shi. Manyan itatuwan da muka gada kuwa kullum sare su ake yi ana gawayi. Wasu abokaina sun ce mutanenmu ba sa jin magana sai da bulala. Don Allah wace irin magana ce ke sa mutane su sauya hali a kan irin wannan?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka muku da alheri, kai da abokan aikinka. Matashin da zai ɗauki dashe a ka ya bi gida gida ba don a biya shi ba, ya cancanci a zauna a amsa masa da kyau. Ni malamin gona ne, na daɗe ina yawo a ƙauyukan Katsina da Jigawa a kan sha'anin itatuwan gona, kuma daga wannan aikin amsar tawa za ta fito.

In na fahimce ka, abin da kake tambaya shi ne: me ya sa mutane ke saurare, su yi addu'a, su watse, sannan kowa ya koma kan abin da ya saba? Bari in fara da maganar abokanka, domin ban yarda da ita ba. Mutanenmu suna jin magana. Su ne suka karɓi garmar shanu, suka karɓi takin zamani da injin ban-ruwa, yau ga su suna sayen faifan sola da kuɗinsu suna kafawa a fadama, ba wanda ya yi musu gangami. Manomin da ya ga abu ya amfani maƙwabcinsa ba ya jiran lasifika. Idan kuwa ya ji maganarku ya ƙi motsawa, to akwai dalili, kuma kafin ku nemi sabuwar magana sai kun gano wannan dalilin.

Abin da ba a faɗa muku ba a ƙofar dagaci

Dattijon da kuka yi wa bayanin hamada ya riga ku saninta. Shi ne ya ƙara wa igiyar gugarsa tsawo. Shi ne ke sake shuka sau biyu ko uku a farkon damina saboda iska ta binne masa tsiron gero da rairayi. Ba ilimi ya rasa ba. Sannan ka san halinmu: ba a musa wa mai magana a bainar jama'a, balle a gaban dagaci, balle kuma ɗan gari ne ya zo da niyyar alheri. "Allah ya yi albarka" ladabi ne, ba alkawari ba ne.

Amsar gaskiya a gona ake jin ta, mutum ɗaya ɗaya, bayan an gaisa an taɓa hirar damina. A nan ne wani zai ce maka inuwa tana hana gero yin kai. Wani zai ce itace masaukin jan-baki ne, shi kuma ba zai gina wa tsuntsu gida a tsakiyar hatsinsa ba. Wani zai ce gonar ba tasa ba ce, aro ce ko jingina, kuma duk wanda ya dasa itace a gonar aro, mai ita zai ɗauka ana shirin cinye masa gado ne. Wani zai ce ya taɓa barin marke ya girma, aka zo da dare aka sare, don haka gara ya sare abinsa da kansa tun wani bai riga shi ba. Wani kuma zai tuna maka ranar da malamin daji ya ci shi tara a kan reshen da ya datse a cikin gonar ubansa. Akwai kuma wanda ba zai faɗa ba ko an tambaye shi: a wurare da yawa gonar da aka share fes ita ce shaidar manomin kirki, wadda aka bar wa kalgo da sabara kuwa ta rago ce, kuma ba mai son a yi da shi a majalisa.

Ka duba waɗannan dalilai da kyau. Ba ko ɗaya a cikinsu da bayanin sauyin yanayi ke amsawa. Kun amsa tambayar da ba a yi muku ba, ita kuwa wadda ke ransu ba ku ji ta ba.

Game da dashen da ya mutu, ba na ganin laifin kunnen jama'a. Itacen da aka raba kyauta ga duk wanda ya miƙo hannu, sau da yawa ma a ƙarshen watan Agusta, aka dasa a bakin hanya inda ba na kowa ba ne, sannan ya fuskanci rani na wata bakwai ko takwas ba ruwa ba shinge, ko a garin da kowa ya yarda da ku mutuwa zai yi.

Abin da ya faru a Maraɗi

Ba sai an je nesa ba, misalin da ya fi kowanne yana tsallaken iyakarku. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970, an kashe kuɗi mai yawa a Nijar wajen rainon dashe da rabawa, kuma mafi yawansa bai rayu ba. A cikin masu wannan aiki akwai wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi. A shekarar 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ke tohowa ko'ina a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa su ƙone kowace bazara, ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai inda danshi yake. Idan aka rage tohon aka bar 'yan ƙalilan masu ƙarfi, cikin 'yan shekaru sai su zama itace, ba a sayi dashe ba, ba a ɗebo ruwa ba. Wannan shi ne abin da ake kira sassaben zamani a can.

Dabarar ba ta da wuya, shawo kan mutane ne ya yi wuya. Manoma kaɗan ne suka fara gwadawa, aka yi ta yi musu dariya, wasu ma aka bi dare aka sare musu. Sai yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, a ƙauyuka kusan 100. An bar itatuwa wajen 500,000. Da aka daina rabon abincin, sai aka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Ina so ka tsaya a nan, domin darasi biyu ne a ciki. Na farko, abin da mutum ya yi don a ba shi hatsi, ranar da hatsin ya ƙare ya bar shi. Na biyu, manoman da suka bar ragowar kashi ɗayan nan su ne suka ɗauki aikin. Sun ga geronsu bai ragu ba, iska ta daina binne musu shuka, sun samu itacen girki da na sayarwa da abincin dabbobi a rani. Maƙwabta suka gani da idonsu, abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa.

Akwai kuma abin da ba magana ce ta gyara shi ba. Tun zamanin Faransa doka ta mai da itatuwa da yawa mallakar gwamnati, manomi na iya shan tara a kan itacen da ke gonarsa. Da hukuma ta sassauta, mutane suka tabbata cewa wanda ya raini itace shi zai ci moriyarsa, sai abin ya bunƙasa. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka yanka wa kansu dokoki da tara. Daga baya, a 2020, gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka gwama tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa da ramukan zai, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki.

Manoman Maraɗi da Damagaram ɗin nan akasarinsu Hausawa ne irinku, ƙasarsu ma ta fi taku ƙarancin ruwa. Ba bulala ce ta sa su ba.

Me za a faɗa, kuma a ina

Abu na farko, ku sauya abin da kuke roƙo. "Ku kare muhalli" ba aiki ba ne da mutum zai tashi da safe ya yi. "Bana in ka zo sharar gona, ka bar kututture goma a gefen gabas, inda iska ke shigowa" aiki ne, yana da lokaci, yana da wuri, kuma idan bai yi masa ba asararsa kaɗan ce. Manomi ba ya caca da abincin gidansa, don haka kada ku nemi gonar gaba ɗaya. Ku nemi kusurwa.

Yadda nake yi shi ne, ina zuwa a bazara lokacin sassabe, ba ranar taro ba. Mu tsuguna ni da mai gona a gaban kurmin kalgo. In ce masa, "Baba, a cikin waɗannan wanne ka ga ya fi lafiya?" Shi zai zaɓa, ba ni ba. Mu bar uku ko huɗu masu miƙewa, sauran a datse su da adda mai kaifi, a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsu, a ɗaura wa ɗaya tsumma don duk mai wucewa ya san da mai shi. Abin da aka datse kuma a ɗaure, yaro ya kai gida. Wannan ɗaurin itacen da ya shiga gida a ranar farko ya fi duk wani jawabi da zan yi, domin uwargida ta ga amfanin abin tun kafin a yi shuka.

Idan ya kawo maganar inuwa, ba na musa masa, domin gaskiya ce: darbejiya da turare a tsakiyar gona suna cutar da hatsi. Sai in tambaye shi yadda geron da ke gindin gawo yake. Kowane manomi ya san amsar. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke son rana, ya yi ganye da rani, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ban koya masa komai ba, abin da ya sani na tuna masa, kuma hujjar da mutum ya furta da bakinsa ba ya saurin warware ta. Maganar tsuntsu ma haka: ba na cewa ba sa sauka, sai dai in nuna masa cewa itacen da ake yi wa aski kowace shekara ba ya yin duhuwar da suke so.

Sannan ku yi magana da abin da mutane ke ƙirgawa. Dami nawa aka samu, sau nawa aka sake shuka, nawa ake sayen itacen girki a mako, nawa buhun 'ya'yan gawo yake a kasuwa in rani ya tsananta. A taro kuwa, maimakon ku yi jawabi, ku sa tsofaffi su yi. Ku tambayi dattijai sunayen itatuwan da ke tsakanin garinku da gari na gaba lokacin suna yara: ina ɗorawar nan, ina kaɗanyar, ina tsamiyar da ake hutawa in an dawo kasuwa? Ku tambayi tsofaffin mata inda suke samo itace da, da inda jikokinsu ke zuwa yau, da ranar da aka fara girki da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Na sha ganin majalisa ta yi tsit a kan wannan tambayar. Daga nan wani zai ce, "To yanzu meye abin yi?" Sai an kai nan shawararku ke da wurin zama.

In kuna da ɗan kuɗi a asusun ƙungiya, kada ku kashe shi a hayar lasifika da rumfa. Ku ɗauki hayar mota ku kai manoma goma su ga gonakin da aka yi wannan aiki, ku ja baya ku bar su su yi hira da masu gonakin. Gani ya kori ji.

Bakin da za a ji

Magana ɗaya ce, amma nauyinta ya danganta da mai faɗa. Tun a 1943 wasu masu bincike biyu, Ryan da Gross, suka bi yadda sabon irin masara ya yaɗu a jihar Iowa ta Amurka. Suka tarar yawancin manoma daga bakin dillalan iri suka fara jin labarinsa, amma maƙwabta ne suka sa su shuka shi. An sake ganin irin haka a Malawi, inda bincike ya nuna cewa manomi ya fi koyi da manomi ɗan'uwansa mai gona irin tasa da hali irin nasa, musamman idan an ɗan ba mai koyarwar abin ƙarfafa gwiwa. Saboda haka kada ku sa gonar gwaji a gonar mai kuɗin gari. In ta yi kyau za a ce ai shi yana da taki da 'yan ƙwadago. Ku nemi talakan da aka san shi da ƙwazo da gaskiya, wanda gonarsa ke bakin hanyar kasuwa.

Mu a Arewa mun ga wannan a kan rigakafin shan-inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano saboda rashin yarda, sai a 2004 aka dawo da shi, kuma gardamar ba ta kwanta ba sai da sarakuna da malamai suka shiga da kansu, har aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya a 2009, iyayen ƙasa suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a. A watan Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan-inna. Masu kawo maganin ne suka sauya.

Don haka ku je wurin liman, amma ba da takarda a hannu kuna cewa ya karanta ranar Juma'a ba. Ku kai masa ziyara, ku nemi ya duba muku abin da addini ya ce, ku bar shi ya gina huɗubarsa. Abin faɗa yana da yawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face ta zama sadaka a gare shi. Imam Ahmad ya ruwaito umarnin cewa ko Alƙiyama ce za ta tsaya alhali da dashen dabino a hannun ɗayanku, in zai iya dasawa kafin ta tsaya to ya dasa. Sayyidina Abubakar kuma ya hori rundunarsa da kada su sare itace mai 'ya'ya, a halin yaƙi ke nan. An gwada wannan hanya a wani tsibiri mai suna Misali da ke yankin Zanzibar, inda masunta ke kamun kifi da nakiya, dokar gwamnati ta kasa hana su. Da aka zauna da malamansu aka bi ta ayoyin amana da halifancin ɗan'adam a bayan ƙasa, da yawa suka bari. Sai dai ina jan kunnenku: kada ku mai da aya sandar dukan mutane. Ranar da talaka ya ji ana kiransa mai zunubi saboda ya dafa wa 'ya'yansa tuwo, kun rasa shi.

Kada ku manta da sarkin noma, da arɗon Fulanin da ke yankin. In ba a yi da makiyaya ba, duk abin da aka raina da damina za a sassake shi da rani, kuma rigima ce za ta biyo baya. Su ma suna da riba a ciki, domin ganyen itace ne abincin dabba in ciyawa ta ƙare, abin da ake buƙata shi ne a yi yarjejeniyar yadda za a yi sara ba tare da an kashe uwar ba. Mata kuwa, tunda gangamin ƙofar dagaci ba ya kai musu, sai ta bakin malamar Islamiyya, da uwar adashi, da gidajen suna da biki. Su ne suka fi kowa sanin tsadar itace. Kai kuma kana da abin da ba kowa ke da shi ba, wato aji cike da yara. Ka ba kowane ɗalibi itace ɗaya da sunansa a harabar makaranta, ka ga yadda zai hana akuyar gidansu kusantarsa.

Kada ku yi wa ɓarna shela

Akwai kuskuren da kusan duk masu wayar da kai ke yi, kuma na ji alamarsa a wasiƙarka: "kowa sara yake yi, ba wanda ya damu." Masanin halayyar ɗan'adam Robert Cialdini da abokan aikinsa sun gwada wannan a wani gandun daji na jihar Arizona, inda baƙi ke satar gutsattsarin itacen da ya zama dutse. Allon da ya ce baƙi da yawa sun ɗebe, an sace kusan kashi 8 cikin 100 na gutsattsarin da aka ajiye a wurin. Allon da ya ce kawai don Allah kada a ɗauka, abin da aka sace bai kai kashi 2 ba. Idan ka gaya wa mutum kowa na yi, ka ba shi izini ne, har ma ka sa shi sauri kada a bar shi a baya. Ku juya maganar. In mutum bakwai ne suka bar kututture bana, ku sa mai shela ya faɗi sunayensu, dagaci ya je gonar ɗaya daga cikinsu da rawaninsa a gan shi. Amma kada ku ƙara ko mutum ɗaya a kan adadin, domin a ƙauye ƙarya ba ta kwana.

Jiharku ma tana da abin koyi. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili a dukkan ƙananan hukumominta 27. Hanyar da aka fi bi, wadda Kamal Kar ya faro a Bangladesh, ba ta rabon masai kyauta ba ce. Mutanen gari ne ke zagayawa su ga halin da suke ciki da idonsu, su yanke shawara tare, su sa wa juna ido. Mai yiwuwa a garinku akwai waɗanda suka yi wannan aiki, ku neme su, sun san wanda ake jin maganarsa a kowace unguwa. Abin da ba zan ba ku shawarar ɗauka daga can ba shi ne kunyata mutum a gaban jama'a. A kan itace, yabon wanda ya yi ya fi tozarta wanda bai yi ba.

Inda magana ba ta kaiwa

Ban ga garinku ba, kuma yadda ake riƙon gona da dangantakar manoma da makiyaya sun bambanta daga gari zuwa gari, don haka sai kun auna abin da na faɗa da abin da kuka tarar. Amma akwai iyakar da na tabbata da ita: mai gawayi ba za ka shawo kansa da zance ba. Buhunan da yake ɗorawa a mota birni za su, inda gas da kalanzir suka fi ƙarfin mutane, shi kuma da kuɗin yake awo a rani. In ba ka kawo masa wata hanyar samu ba, ko ya yarda da kai yunwa za ta mai da shi daji. Haka murhun zamani mai rage cin itace. Wani bincike a jihar Odisha ta Indiya ya bi gidaje fiye da 2,000 har shekara 4, aka tarar hayaƙin ya ragu a shekarar farko kawai, daga nan murahun suka lalace, ba a gyara ba, aka koma wa na da. Abin da bai dace da tukunyar mace da irin girkinta ba, ba daɗin bakin da zai sa ta riƙe shi.

Abin da na ga yana aiki shi ne a jawo masu gawayi da masu faskare cikin shawara tun farko, maimakon a yi taro a kansu. Su ne suka fi kowa sanin daji, kuma sun san kiryar da suke nema tana ƙara nisa kowace shekara. A yarda da su a kan itatuwan da ba a taɓawa sam, kamar gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, da waɗanda za a iya yi wa sassaka, da cewa mai gona ne kaɗai ke da ikon sayar da reshen gonarsa. A nan ne bulalar abokanka ke da wuri, amma a ƙarshe take zuwa. Dokar da mutanen gari suka yanka da bakinsu, suka sa tarar da kansu, dagaci ya sa hannu, aka sanar da malamin daji na ƙaramar hukuma don kada ya zo ya ci tarar wanda ke gyaran itacensa, ita ce ke tsare mutum tara daga ɓarnar mutum ɗaya. Dokar da aka ɗora wa mutanen da ba su yarda ba kuwa, sara da dare kawai take koya musu.

Dashe kuma ban ce ku daina ba, ku rage yawa ne ku sauya wuri. Ku kawo abin da mutane ke so su ci, mangwaro da gwaiba da lemo da zogale, tun farkon damina. Kada ku bayar sai mutum ya haƙa rami ya tanadi ƙaya ko tsohon kwando na shinge, in da hali ma ya biya wani abu ko yaya yake. A dasa a cikin gida kusa da wurin wanke-wanke, ko a masallaci inda ruwan alwala ke gangarawa. Ku rubuta sunan kowa a littafi, kuma ku yi ƙirgarku a watan Afrilu, ba ranar rabo ba. Adadin da kuka tarar da rai a lokacin shi za ku kai wa dagaci da liman, da shi kuma za ku nemi mutum goma na gaba.